Yadda Don Gildardo Ya Koya Wa Zuciyarsa Firgita

Duk wanda ya taɓa zaman minti biyar a shagon gahawa na bakin dandali ya san Don Gildardo ya shekara talatin da takwas yana goya kujerar fure, domin da bakinsa zai gaya maka, ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Kowane watan Agusta manoman furen kan tsaunin nan sukan shirya furanni a jikin kujerar katako, su goya ta a baya, igiya a goshi, su gangara birni su yi jerin gwano a gaban jama'a. Gurbin shiga jerin na gado ne, gida ɗaya mutum ɗaya, na gidansu Gildardo kuma daga kakansa ya faro. Nauyin kujerarsa a bakinsa yake ƙaruwa: da safe kilo saba'in ce, da yamma tamanin da biyar, in an kawo barasa takan wuce ɗari.

Bara dai, ana tsakiyar tafiya, daidai gaban rumfar manyan baƙi, sai ya zauna a tsakiyar titi. Ya ce igiyar takalmi ya tsaya ɗaurewa. Kowa ya gyaɗa kai, duk da cewa takalmin da ya sa ranar ba shi da igiya.

Bana sai kwamitin biki ya fitar da doka: duk wanda ya haura shekara sittin sai ya kawo takardar likita, in babu, a ba wani a gidansa ya goya. A gidan Gildardo wannan wanin 'yarsa ce, Marleny, wadda shekara goma ke nan ita ke tsara furannin kujerar da hannunta, shi kuma ya karɓi tafi. Ba ta taɓa cewa tana so ba. Shi kuwa ya fi son a cire masa haƙora da filaya da ya tsaya a gefen titi yana kallon kujerar gidansu a bayan wani.

A watan Afrilu ya je ɗakin shan magani tare da compadre ɗinsa, wato amininsa, Don Libardo, wanda ya riƙe Marleny ranar da aka yi mata baftisma, mutum mai sanyi da ba ya cika magana. Dokta Yesenia, yarinya sa'ar Marleny, ta ɗaura wa Gildardo wani bel a ƙirji, ta sa shi ya kwanta minti biyar, sannan ya miƙe tsaye. Ta daɗe tana kallon layin da ya fito a allon kwamfuta. Daga nan ta ce tazarar da ke tsakanin bugu da bugu a zuciyarsa kusan iri ɗaya ce, kamar agogo.

Gildardo ya juya wajen ƙofa. "Ka ji ko, compadre? Agogo. Ba ni na faɗa ba, ilimi ne ya faɗa."

"Ba yabo ba ne, Don Gildardo," in ji dokta.

Ta yi masa bayani da haƙuri. Jiki, in ji ta, yana da totur yana da birki, kuma su biyun ne ke juya zuciya ba tare da mutum ya sani ba. Lafiyayyar zuciya in ka ja numfashi takan ɗan yi sauri, in ka sauke ta ɗan lafa, shi ya sa tazarar ba ta zama ɗaya. Tasa kuwa ƙafa na kan totur dare da rana, birkin ya yi tsatsa, shi ya sa bara da ya nemi hutu a titi bai samu ba. Ta rubuta masa magani na wata uku: Talata da Alhamis rawar motsa jiki tare da matan gari a dandali, Asabar yoga a zauren coci wurin Doña Nubia, a koyi sauke numfashi a hankali, a kuma rage gahawa.

"Wato dai so kike ta riƙa canza gudu, ta yi sama ta yi ƙasa?"

"Kusan haka ne, amma..."

Ya riga ya ɗauki malafarsa. Abin da ya ɗauka daga bayanin ke nan, sauran ya bar mata a kan tebur. Don Libardo ma irin wannan takardar maganin aka ba shi, ya ninke ta ya sa a jakar fata, ya tambayi ƙarfe nawa ake fara rawar.

Kafin la'asar Gildardo ya kammala tsarinsa, ya kuma sanar da shi a shagon gahawa. Ya ce shi ba zai je ya yi tsalle da tsofaffin mata a gaban lasifika ba, ba kuma zai kwanta a tabarma ya koyi numfashi ba, abin da yake yi kyauta tun ranar da aka haife shi. Yaushe zuciya ke canza gudu? In ta firgita. To, firgita uku a rana, safe da rana da yamma, abin da wasu za su yi a wata uku shi zai gama a mako uku, bayan biki kuma zai buɗe aji ya koyar. Mai shago ya tambaya ko dokta ta san da wannan tsari. Gildardo ya ce za ta sani ranar da za ta zo neman izinin rubuta shi a littafi.

Ya fara daga gida. Ya roƙi matarsa, Doña Orfa, ta riƙa sakin murfin tukunya a bayansa lokacin da bai zata ba. Shekara arba'in suna tare, ba ta taɓa amsa wata buƙatarsa da irin wannan sauri ba, abin da ya kamata ya sa shi tunani. Ta saki na farko yana aski, ya yanki haɓarsa. Ta saki na biyu yana kai cakulan mai zafi baki. Na uku kuwa ba murfi ba ne, babbar tukunyar dafa wake ce gaba ɗaya, yana kan tsani yana gyaran rufin rumfar fure. A rana ta huɗu ya ce mata matakin farko ya kammala, a dakata haka.

"Wata uku dokta ta ce, tsoho," in ji Orfa, tana goge wani murfin.

Mataki na biyu saniyar Don Libardo ce, wadda ta haihu kwana biyu da suka wuce, ba ta son ko inuwar mutum kusa da ɗan maraƙinta. Gildardo ya auna da ƙafa: daga maraƙi zuwa shinge taku ashirin da biyu. Zai taɓa kunnen maraƙi ya ruga, zuciya ta yi sama, ya haye shinge ya zauna, ta yi ƙasa. Lissafin ya yi kyau, saniyar ce ba a yi da ita ba. A taku na tara ya ji numfashinta a wandonsa, ya bar maganar shinge ya kama bishiyar gwaiba da ke hanya. Ya yi awa biyu a kai, saniya na kiwo a gindin bishiyar ba ta da niyyar zuwa ko'ina.

Ranar Alhamis ce, sai ga matan rawa sun taso daga dandali, Don Libardo a tsakiyarsu da tawul a wuya. Suka tsaya a bakin shinge suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, kamar sun same shi a ƙofar gida.

"Lafiya dai, compadre?" in ji Libardo.

"Hutun tsakanin zagaye nake."

"To. Gwaibar ba ta nuna ba tukuna, kada ka ci."

Bayan ya sauko, labari ya riga shi isa shago, don haka ya ga dole ya je dandali ya nuna wa matan nan bambancin motsa jiki da wasa. Ranar Talata ya iso goye da kujerar katako, ya ɗaure mata buhu biyu na dankali, ya tsaya a sahun gaba. Malamar rawa ta ce ya sauke kayan, ya ce in ya sauke ai ya zama daidai da kowa. Aka saki kiɗa. Taku gaba ya yi, taku baya ya yi, har wasu suka fara cewa tsohon nan da sauransa. Sai malama ta ce a juya hagu. Gildardo ya juya, kujera ta biyo shi, ƙafarta ta share lasifika daga kan tebur, bakin buhu ya kwance. Garinmu kuwa ba shi da titi ko ɗaya da ba gangara ba ne. Dankali ya kama hanya, wani sai bakin gada. Mata suka bi shi da tawul da siket, aka tsince shi tas, kuma makon nan kowane gida miyar dankali aka sha, babu wanda ya maido ko ƙwaya.

Yoga sau ɗaya ya je. Doña Nubia, tsohuwar malamar firamare, ta ce a ja numfashi a ƙirga huɗu, a sauke a ƙirga shida. Gildardo ya ɗaga hannu ya tambaya wa ya fi kowa daɗewa a ajin. Ta ce nan ba a gasa. Ya ce duk inda aka ce ba a gasa, wani ne ke tsoron a kayar da shi. Ya cika ƙirji ya riƙe. Ya kai arba'in fuska ta yi ja, ya kai saba'in ta koma kalar furen da ake kai wa makabarta, daga nan ya kife a gefe a hankali. Da yake lokacin kwanciyar ƙarshe ya zo, kowa ya miƙe a tabarma ido rufe, sai Doña Nubia ta nuna shi ta ce a yi koyi da Don Gildardo, ga mutum ya saki jiki gaba ɗaya. Don Libardo ne ya leƙa fuskarsa, ya tashi ya ɗebo ruwa.

Mako uku suka zama wata uku. Libardo ya rage tumbi, yana hawa tudun gidansa ba ya tsayawa, matarsa ta ce har munsharinsa ya yi laushi. Gildardo kuwa ya rame, ido ya faɗa, in cokali ya faɗi sai ya zabura, ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. Barci ya ƙi shi, don haka ya ninka gahawa. Ya ce duk alamun nasara ne, zuciyar ta fara ɗaukar darasi.

Wata safiya suna yankan fure a gona, Marleny ta ce, "Baba, ka je rawar nan kawai. Ni zan raka ka, mu tsaya a sahun baya, ba wanda zai kalle mu."

"Kin ƙosa ne kujerar ta zo hannunki," in ji shi.

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, shi ma ya san ta yi, ya kuma san ba gaskiya ba ce, amma bai iya janye ta ba. Haka suka gama yankan layin furen.

Aka sa ranar gwajin samun takardar likita Lahadin ƙarshe ta watan Yuli, bayan an taso daga coci. Aka kafa rumfa a dandali, gado a tsakiya, 'yan kwamiti a tebur, aka kuma haɗa kwamfutar dokta da babban talabijin na shagon gahawa don kada wani ya ce an yi masa rufa-rufa. Gari kaf ya fito, har waɗanda ba su da kowa a cikin masu gwaji.

Gildardo ya zo da shiri. Can cikin ransa bai yarda zuciyar za ta tuna darasi da kanta ba, don haka ya nemi Ovidio, ƙanen matarsa, mai harba rokar biki a duk shagalin coci, wanda shekara arba'in na wannan aiki suka toshe masa kunne. Da hannu da ihu ya fahimtar da shi: zai laɓe a bayan katangar coci da roka biyu, in ya hango Gildardo ya cire malafa ya kwanta, ya ƙirga ɗari ya kunna ɗaya. Zuciya za ta yi sama, ta yi ƙasa, dokta ta ga canjin da take nema. Ta biyun ta ko-ta-kwana ce. Don a taimaka wa aikin, ya shanye kofi shida na gahawa a tsaye.

Abin da bai lissafa ba shi ne ranar Lahadi duk namijin garin nan da ya haura sittin kamarsu ɗaya daga nesa: farar malafa mai baƙin zare, bargon ulu a kafaɗa, jakar fata, gashin baki. Aka kira Don Libardo farko. Ya cire malafa ya kwanta. Ovidio ya ƙirga ɗari.

Rokar ta tashi ta fashe daidai saman rumfa. Tantabaru suka watse, karnuka suka ɗauki haushi, shugaban kwamiti ya tsinci kansa a ƙarƙashin tebur yana neman biron da ke hannunsa. A talabijin kowa ya ga layin Libardo ya yi tsalle sama. Libardo ya buɗe ido, ya tambaya ko bikin wani waliyyi ne yau, aka ce a'a, ya rufe ido ya sauke numfashi a hankali yadda Doña Nubia ta koya masa. Kafin ka ce me, layi ya sauko ya ci gaba da hawa da sauka abinsa. Dokta Yesenia ta juya ga jama'a ta ce ga abin da take ta faɗa, wannan shi ne birki mai kyau. Duk da haka ta sake gwajin daga farko, ta sa masa hannu.

"Rokata ce wannan," Gildardo ya ce a ƙasan maƙoshi. Amma ya tuna akwai ta biyu.

Aka kira shi. Ya ɗaga malafa sama sosai, ya kaɗa ta sau biyu wajen coci, mutane suka ɗauka gaisuwa ce suka amsa. Ya kwanta, aka ɗaura bel. Abin da bai gani ba shi ne Doña Orfa ta riga ta ƙetare dandali, ta karɓe ashanar ƙanenta, ta ja shi ta zaunar a kan benci kusa da ita, rokar a ƙarƙashin jakarta.

Gildardo ya ƙirga ɗari. Shiru. Ya ce ƙila Ovidio a hankali yake ƙirga, ya ƙara hamsin. Ya damƙe gefen gado, kafaɗu sun hau kunne, haƙora a cije, duk jikinsa na jiran ƙarar da za ta zo yanzu, ko yanzu, ko yanzu. A talabijin lamba ta nuna ɗari da goma sha takwas, layin kuwa ya miƙe sambal ba ko lanƙwasa. Wata tsohuwa ta tambaya ko talabijin ɗin ya tsaya ne. Mai shago ya ce talabijin lafiya lau yake, jiya ma an kalli ƙwallo. Dokta ta ce ya saki jiki, ya ce ai a sake yake, muryar na fita ta tsakanin haƙora.

A minti na huɗu ya kasa. Ya tashi zaune, wayoyi na reto a ƙirji, ya juya wajen coci ya buɗe murya.

"Ovidio! Kunna ta biyun mana, me kake jira!"

Duk dandali ya ji, ban da Ovidio. Shi da ya ga surukinsa na kallonsa, sai ya ɗaga hannu ya gaishe shi.

Dariya ta ɗan taso daga baya, ta mutu da kanta, domin fuskar Gildardo ba ta dariya ba ce. Dokta Yesenia ta matso kusa ta yi ƙasa da murya, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Don Gildardo, ba zan sa hannu ba. In na sa, bana kai za a ɗauko daga titi."

Bai yi gardama ba, abin da ba a taɓa gani ba. Shugaban kwamiti ya gyara zama ya ce doka ta ce mai gurbi shi ke faɗin wanda zai goya a madadinsa, da bakinsa, a gaban shaidu. Gildardo ya kalli tafin hannunsa. Shekara talatin da takwas ke nan, kuma ya san in kujera ta sauka daga bayan tsoho ba ta cika komawa ba. Baƙin ciki ya cika shi, da kunya, da wani abu kuma da bai san sunansa ba.

"Marleny," in ji shi. "Ita ke yin kujerar dama. Ni ɗauka kawai nake."

Marleny ta ratso jama'a ta zo bakin gado, ta sunkuyar da kai. "Sa mini albarka, baba."

Ya ɗora hannu a kanta. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Abin da na faɗa miki a gona, ki bar shi a gona."

Ya so ya miƙe ya tafi da mutuncinsa, gajiya ta fi ƙarfinsa, sai ya koma ya kwanta. Ya sauke wani dogon numfashi da ya yi wata uku, ko ma shekara guda, yana riƙe da shi. Ya ja wani, ya sake saukewa, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa. Ba wanda ya tuna da cire bel ɗin.

Don Libardo ne ya fara nuna talabijin da haɓa. Lambar tana sauka. Layin da ya miƙe ya fara lanƙwasa, ya ɗan hau in ya ja numfashi, ya ɗan sauka in ya sauke, ƙanƙane dai, amma ko na bayan taro ya gan shi.

"Ga shi nan," in ji dokta a hankali.

Gildardo ya buɗe ido ɗaya ya kalli allon. Ya ja hanci.

"Na dai gaya muku tsarin yana aiki."

Ba wanda ya ƙaryata shi. Dokta ta mayar da murfin biro ta sa a aljihu, shugaban kwamiti ya rubuta sunan Marleny a takarda. Akwai tsofaffi huɗu a layi suna jiran gadon, amma ba wanda ya ce ya tashi. Ya ƙara minti biyar a kwance, ido rufe, yana riƙe da hannun 'yarsa.